Ranar da na yanke bakin atamfar yayata

Ni ba telan gado ba ne. Keken ɗinkin ma a hannun wani mutumin Damagaram na same shi, wanda ya tattara ya tafi gida ya ga halin da yunwa ta bar iyayensa, ya ce in riƙe masa kafin ya dawo. Bai dawo ba. Kafin keke na taɓa abubuwa da yawa. Na bar lekol a aji na biyar, ranar da mushe, malaminmu, ya ce in durƙusa kan tsakuwa na ce ba ni yi, na fita ta taga. Na yi karen mota wata huɗu a hanyar Doso, na sayar da sigari ƙofar sinima, na yi dako a Babbar Kasuwa har kafaɗata ta yi kanta. Duk inda na yi wata biyu ko uku sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da ɗaya ko da biyu, kuma abu guda ke raina, in sami hanyar Abijan.

Shekarar ce soja suka karɓi ƙasa. Mun tashi da safe rediyo na kiɗan soja, kafin azahar kowa ya buɗe rumfarsa. Abin da mu muka ga ya sauya shi ne manyan motocin kamiyo sun fara shigowa da hatsi, ana rabo soja na tsaye. Ruwan sama kuwa an daɗe ba a ga na kirki ba. Mutanen arewa sun cika bayan gari wajen Lazare, da tabarminsu da abin da ya rage na awaki.

Ni abin da ya riƙe ni a wannan shekara buhu ne. Dawa tana zuwa cikin buhun algarara, wannan ba shi da amfani wurin tela. Amma garin alkama cikin farin buhu yake zuwa, na yadi, mai kauri, in an wanke shi sau biyu ya yi laushi. Mata suka gano haka. Sai a kawo mini buhu a ce in yi wa yaro riga, ko wando, ko fatari na ciki. Matsalar guda ce, kowane buhu da rubutun Turawa a jikinsa, manyan baƙaƙe, ja da shuɗi, sabulu ba ya fitar da su. Kowace mace in ta ajiye buhunta magana ɗaya take yi, ka cire rubutun.

Na iya wannan aiki sosai. In shimfiɗa buhu, in duba, in ja alli ta yadda rubutun zai faɗa cikin ƙyallen da za a zubar, abin da ya ƙi faɗawa in tura shi cikin kalmasa. Har suna aka sa mini a layinmu, telan buhu, ban kuma ji haushi ba. Maza ba ruwansu. Akwai wani ɗan dako da na ɗinka wa taguwa ya ce kar in ɓata masa yadi, ya yi wata shida yana yawo cikin kasuwa da baƙaƙe shida a gadon bayansa. Amma wata mata daga Lazare, wadda ko takalmi ba ta da shi, ta sa na farke hannun riga gaba ɗaya don rabin baƙi guda ya leƙo a ƙarƙashin hammata. Na ce mata, baiwar Allah, wa zai ɗaga hannun yaron nan ya duba? Ta ce matan da muke zaune tare. Na farke na sake. Abin da na ɗauka daga nan shi ne mace ba ta son rubutu a jikin tufa. Na riƙe wannan kamar karatu.

Yayata ta girme ni da shekara takwas, ita ta ƙarasa rainona bayan rasuwar innarmu, kuma har lokacin wurinta nake cin tuwon dare. Ɗaki guda take haya bayan kasuwa, ita da ɗiyarta ƴar shekara biyar. Mijinta direba ne. Mai motar da yake ja ya sayar da motar, shi kuma ya bi wasu zuwa bakin teku neman aiki. Wata takwas ba saƙo, ba wasiƙa. Yaya tana sayar da dambu da kopto, ganyen nan da ake kwaɓawa da ƙuli, amma masu saye sun ragu, ganyen ma ya yi wuya. Na san tana sayar da zannuwanta ɗaya bayan ɗaya, don na ga dillaliya na shiga ɗakin tana fitowa da ƙunshi. Ba mu taɓa yin maganar ba.

Dangin mijin a Kirkisoy suke, ƙetaren kogi. Haifaffun Yamai ne, a gida Zabarmanci suke yi, Hausa sai kasuwa ko in suna magana da mu. Akwai uwarsa, tsohuwa, idonta ya fara rauni, kowa na ce mata Inna. Akwai kuma yayarsa, wadda yarinyar ke kira Gwaggo, mu ma muka bi bakinta. Gwaggo tana sayar da atamfa a gida, mijinta na da mangaza, wato babban shago, ƴaƴanta uku duk maza. Sau biyu tana aikowa a ba ta yarinyar riƙo. A wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne, ƴar'uwar uba tana da wannan damar. Sau biyun Inna ce ta ce a bari uban ya dawo, tunda uwar na riƙe da ɗiyarta lafiya. To sai ga shi wata ta ga Yaya a layin rabon jar dawa, labari ya ƙetare gada. Ana cikin haka matar ƙanin mijin ta haihu, aka sa suna ranar Juma'a. Duk matan dangi za su hallara.

Ranar Litinin Yaya ta zo rumfata da ƙunshi cikin tsohon ɗankwali. Ta duba hagu da dama kafin ta kwance. Atamfa ce holande, zane uku, ba a taɓa sa mata almakashi ba, shuɗi mai duhu da ganye ruwan ƙasa. Har ƙanshin sabunta bai fita ba.

Na ce, "Yaya, wannan fa? Ina kika samo?"

"Tun ana ruwa na saya. Ba wanda ya taɓa ganinta, har mai gidan."

"Kika bar ta a akwati kina cin jar dawa?"

"Kai dai ɗinki na kawo maka, ba hisabi ba. Riga marinyar, mai faɗin nan ta mata, zane na ɗaurawa, zane na yafawa. Laraba ko Alhamis in karɓa."

Na ce, "To wa za ki burge? Mai gidan yana bakin teku."

Ta yi ƴar dariya. "Shi? Shekara bakwai muna tare, in ya dawo ka tambaye shi launin zanena guda ɗaya. Ko tabarma na ɗaura sai dai ya ce abinci ya yi?"

"To don wa?"

"Don Gwaggo da masu zama kusa da ita. In suka gan ni da sabuwar holande za su ce ya aiko. In ya aiko, to yana nan da ransa, yana ci da gidansa. Ba mai buɗe baki ya nemi ɗiyar mutumin da ke aiko holande."

"Ƙarya za ki yi musu ke nan."

"Ni ba abin da zan ce. Gaisuwa zan yi in zauna."

Ban taɓa ɗinka holande ba. Masu irin wannan kaya wurin telolin Senegal suke kai wa, can cikin gari, masu shago da madubi. Ta kawo mini ne don ba ta son kowa ya san ranar da aka ɗinka, kuma don ni ƙaninta ne. Na ji wani abu a raina, na ce zan yi mata aikin da ba wanda zai ce na telan buhu ne. Na wanke hannu, na goge keke, na sa sabuwar allura. Rigar ta ɗauke ni yini guda, ta kuma fito daidai.

Sai na zo kan zannuwan biyu. Zane ba wani aiki gare shi ba, gefe biyun da aka yanka kawai ake kalmashewa. Amma da na shimfiɗa sai na ga abin da ban lura da shi sosai ba da farko. A bakin atamfar, sama da ƙasa, akwai wani siririn farin layi, faɗin yatsa guda, da rubutun Turawa a jere tun daga wannan ƙarshe har wancan, da lambobi. Na ɗan iya karatu, na bi shi da yatsa, sunan masu yi ne da ƙasarsu, an maimaita an maimaita. Na ce a raina, dubi wannan, kaya mai tsada haka su bar masa rubutu kamar buhun gari. In ta ɗaura, daidai idon sawunta zai tsaya, kowa na gani.

Na sha ganin wannan farin layi a ƙafafun mata cikin kasuwa, ba zan ce ban gani ba. Na ɗauka ragwancin teloli ne. Na ɗauki almakashi na bi shi a hankali, sama da ƙasa, zane biyu, ban ci ko ganye ɗaya na adon ba. Na yi kalmasa siririya, na sa gawayi a dutsen guga na kwantar da ita. Tsohon telan da ke rumfar kusa da ni ya tafi jana'iza ranar, da yana nan wataƙila da ya riƙe mini hannu.

Alhamis bayan la'asar ta zo, yarinyar na riƙe da gefen mayafinta. Na miƙa mata ina jiran yabo. Ta ɗaga rigar ta juya ta, ta gyaɗa kai. Ta warware zanen, hannunta ya tafi ƙasa kai tsaye. Ta bi kalmasar da babban yatsa har ƙarshe. Ta juya ɗaya gefen. Ta ɗauki na biyun ta yi haka.

"Ina bakin?"

"Na cire. Dubi yadda ya kwanta, ko baƙi ɗaya ba ki gani."

Ta zauna kan bencin da masu jira ke zama. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Ta ce wa yarinyar ta je ta kalli mai gyaɗa. Tsohon telan ya leƙo, ya karɓi zanen ya duba, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, wa ya koya maka ɗinki?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Na ga alama." Ya koma kan kekensa.

Yaya ta ce, "Ka san mi ya sa ake barin wannan layin a ƙasa inda za a gani?"

Na ce a'a.

"Akwai fansi mai wannan adon sak, ana sayarwa a rumfa ta uku daga nan. Daga nesa ba ka rabewa. Mace in ta shigo taro ba fuskarta ake fara dubawa ba, ƙafarta ake dubawa. Ba sai an iya karatu ba, an san tsayin rubutun, an san kamarsa. Wadda ta sayi fansi ita ce ke cewa tela ya kalmashe mata ƙasa don kar a gani. Duk zanen da ka ga an kalmashe masa ƙasa, an san abin da ake ɓoyewa."

Na tsuguna na zazzage kwandon ƙyalle. Layukan na nan, huɗu, dogaye, sun naɗe kamar igiya. Na ce zan mayar, zan yi ɗinki siriri wanda ba a gani.

Tsohon ya amsa daga rumfarsa, bai ko ɗago kai ba. "Kar ka fara. Akwai masu sayen bakin holande wurin teloli su liƙa wa fansi. Matan sun san wannan tun kafin a haife ka. Yankakke a ce talauci, liƙaƙƙe a ce zamba."

Na ce to ta ari na wata. Ta ce zanen aro da mai shi ake ganinsa, kafin a raba goro wata za ta ce wannan ba na wance ba ne? Na ce to kar ta je, ta ce ba ta da lafiya. Ta ce in ba ta je ba su za su zo dubiya, su ga ɗakin, su ga tukunya. Ta naɗe kayan yadda ta kawo su, ta ɗaure, ta kira ɗiyarta. Da za ta tafi ta ce, "Gobe ka zo ka ɗaukar mini ita, gadar da tsawo."

Da safe muka kama hanya, yarinyar a kafaɗata. Yaya ta sa kayan. Gaskiya sun yi mata kyau, ta rame amma rigar ta rufe ramar, ta sa kwalli, ta ɗaura kallabi ya tsaya. Kogin ya janye ƙwarai, tsakiyarsa yashi ne, ana ganin mutane na taka shi da ƙafa, shanun da suka rage na kwance a inda da ruwa ne. A bakin gada akwai soja biyu suna duba masu kaya. Ɗayan ya dubi Yaya ya matsa gefe, ya ce, "Hajiya, a wuce." Da muka yi gaba na ce mata, "Kin ji? Hajiya ya ce." Ta ce, "Namiji ne."

A Kirkisoy an shimfiɗa tabarmi ƙofar gida. Liman ya yi addu'a, aka faɗi suna, aka raba goro da dabino kaɗan, rago guda ne kuma ba mai ƙiba ba. Yaya ta shige ciki da yarinyar, ni na zauna wurin maza. Hirar duk ta hatsi ce da soja, wa aka kama ya ɓoye buhu, wane gari aka ce an yi yayyafi. Uban jaririn, ƙanin mijin Yaya, ya dafa ni ya ce, "Na ga matar yaya ta fito fes. Ashe ya fara aike?" Na ce Allah dai ya rufa asiri. Ya ce amin, ya ji daɗi. A wajen maza aikin ya yi.

Da rana ta ɗaga aka ce in shiga in gaida Inna, tunda ni ma suruki ne. Tsakar gidan cike da mata, sun fi talatin, ƙarƙashin rumfar zana. Ban taɓa shiga irin wannan wuri da idon tela ba sai ranar. Na dubi ƙasa. Ƙafafu a miƙe kan tabarma, kuma kusan kowane zane da farin layinsa a idon sawu. Masu shi sun miƙe ƙafa sosai. Waɗanda ba su da shi sun tanƙwashe ƙafa sun ja mayafi sun rufe. A shekarar da ake cin jar dawa ke nan. Na san da yawansu zanen da ke jikinsu shi kaɗai ya rage, an fito da shi daga ƙasan akwati, gobe a mayar. Yaya na zaune kusa da mai jego, ƙafarta a miƙe, ba ta rufe ba.

Na durƙusa gaban Inna na ce fofo, gaisuwarsu ta Zabarmawa, ta amsa, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Ina nan durƙushe Gwaggo ta taso daga inda take rabon fura. Mace ce mai jiki, mai fara'a, ba ta da mugun baki, kowa na son zama kusa da ita. Ta zauna gefen Yaya ta ce, "Amaryarmu, yau kin tuna da mu. Wannan shuɗin ya karɓe ki." Tana magana hannunta na sauka. Ta kama ƙasan zanen da yatsa biyu, ta murza, ta juya cikinsa ta duba, ta sake murzawa. Ina kallon fuskarta. Shekara da shekaru tana sayar da atamfa, na ga lokacin da yatsunta suka gaya mata ko mene ne. 

Sai ta ce, "Kalmasa ta yi kyau. Wa ya yi miki?"

Yaya ta ce, "Ƙanena."

Gwaggo ta juyo. "Au, kai ne? Kai ne aka ce kana ɗinka buhu ba a ganin rubutu?"

Na ce ni ne.

"Lalle ka iya. Hannunka na da tsabta." Ta saki zanen, ta shafa shi ya kwanta.

Wata daga baya ta ce da Hausarta ta Zabarmawa, "Fansi na yanzu ma yana kyau, in dai bai ga ruwa ba." Wata ta ce, "Wallahi, ni ma shi zan koma saye, wa ke da halin wani abu bana." Ba da faɗa suka faɗa ba, kamar suna taya ta ne. Yaya ta yi murmushi.

Ni ne na kasa haƙuri. Na ce, "Holande ce. Ni na yanke bakin, ban sani ba."

Sai dariya ta tashi. Wata tsohuwa ta ce, "Ku ji ɗan kirki, yana kare yayarsa." Wata ta ce, "Ya yanke bakin holande. Gobe kuma sai ya cire wa rago kitse ya zubar." Wata ta ce, "Samari, in ka tashi aure ka zo gidana, irinka ake nema." Na dubi Gwaggo. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa, duk wurin an san sana'arta. Tana dariya tare da su, ta miƙe ta koma wurin furarta. Yaya ta dube ni sau ɗaya, na gane in yi shiru.

Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma taɓa zanen ba. Ba ta gani sosai amma ta ji duk abin da aka ce. Ta kira yarinyar da Zabarmanci, aka turo ta. Ta zaunar da ita kan cinya, ta shafa kanta, ta kama damtsenta ta riƙe, ta zagaye shi da yatsu. Ta daɗe a haka. Sannan ta juya wajen da Yaya take.

"Ɗiyata, ki bar mini ita kwana biyu ta yi wasa da ƴan'uwanta. Gidan Gwaggonta akwai nono."

Duk wanda ke wurin ya san mene ne kwana biyu. Yaya ta ce, "To, Inna."

Bayan la'asar muka kamo hanya mu biyu. Yarinyar ba ta yi kuka ba, an ba ta ƙashi da ɗan nama a jiki, tana bin yaran Gwaggo. Muka hau gada. Ni na fara magana.

"Gwaggo ta sani fa. Na ga hannunta."

"Ta sani mana. Tun kafin ta taɓa ma ta yi zato."

"To mi ya hana ta faɗa?"

"Don mi za ta faɗa? Tana son yarinyar, ba ta kuma yi ƙarya ba, kalmasa ta yaba. Da bakin na nan ba sai ta faɗa ba, kowa ya gani da idonsa."

Muka yi ƴar tafiya. Na ce, "Da ban yanke ba, da sun bar miki ita?"

Ta yi tunani, ba ta yi sauri ba. "Ban sani ba. Ka ga Inna ta kama hannun yarinyar ta ji ramarta, hannun kuwa ba kai ka yanke shi ba. Amma da yau dai sun ji nauyin tambaya. Da na sami wata guda ko biyu, wataƙila ruwa ya sauka, wataƙila shi ya aiko da gaske."

Iyakar abin da ta taɓa cewa ke nan kan laifina, daga ranar har ta bar duniya. Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Da muka iso ta dafa tuwo ta zuba mini kamar kullum.

Kwana biyu suka wuce ba wanda ya maido yarinyar, Yaya kuma ba ta aika a tambaya ba, don ba a yin haka. Rana ta uku da safe ta aiko a kira ni daga rumfa. Na tarar ta wanke kayan yarinyar tun jiya, riguna uku ne da ɗan zane da kallabi. Ta aro dutsen guga wurin maƙwabta tana bi ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya rigar ta ɗan yage a wuya, ta ce in gyara yanzu da allurar hannu, kuma kar zaren ya fito. Ɗaya ta koɗe ƙwarai, ta ɗaga ta ta duba a hasken ƙofa, ta ajiye gefe, ta ce wannan ba za ta je ba. Ta ninke sauran, ta ɗora sabon sabulu guda a sama wanda ban san inda ta samo shi ba, ta ɗaure cikin ɗankwalinta mai kyau, ba tsohon ba.

Na ce, "Yaya, kayan yara ne fa. Gwaggo na da atamfa ɗaki guda, gobe za ta ɗinka mata sababbi."

"Na sani. Amma sai ta kwance wannan tukuna, kuma ba ita kaɗai za ta kwance ba. Ka riƙe shi a hannu, kar ka matse a hammata ya yamutse. In ka je kar ka ba yaro ya shigar, ka yi sallama ka ba ta da kanka."

Na ƙetare gada da ƙunshin a tafin hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Gwaggo na tsakar gida da mata huɗu, biyu masu sayen atamfa ne, biyu maƙwabta. Ta karɓa ta kwance a gabansu. Ta ɗaga rigunan ɗaya ɗaya, ta juya, matan na kallo. Ta shinshina sabulun. Ta ce, "Uwarta akwai tsabta, wannan ba a ƙwace mata." Matan suka ce gaskiya ne. Ta ce in gaida Yaya, in ce mata ta riƙa zuwa, gida nata ne.

Yarinyar na bakin rijiya da yaran, an yi mata sabon kitso. Ta zo ta riƙe mini yatsa ta tambaye ni ko innarta na zuwa yau. Na ce ba yau ba. Ta ce to, ta koma wurin wasa. A gidan ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji.

Da na dawo Yaya na tsinke ganye a ƙofar ɗaki. Ba ta tambaye ni ko yarinyar ta yi kuka ba, ko ta ci abinci. Ta ce, "Su wa ke wurin da ta kwance?" Na lissafa mata. Ta ce, "Mi suka ce?" Na faɗa mata yadda aka faɗa. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsinkar ganyenta.